Yadda Ake Saƙa Hular Sanyi da Hannu, Daga Awon Kai Zuwa Tsuke Tsakiya

Idan za ki fara koyon saƙa, ki fara da hula. Mutane da yawa kan ce a fara da mayafin wuya saboda miƙaƙƙe ne, amma tsawonsa ke sa mai koyo ta gaji ta jefar da shi tun bai kai rabi ba. Hula kuwa curin zare ɗaya ya ishe ta, ba ta ɗaukar dogon lokaci, kuma duk abin da saƙa ta ƙunsa yana cikinta: ɗora idanu (wato madaukan zare) a kibiya, saƙar gaba, saƙar baya, ragewa, da ɓoye bakin zare. Sharaɗinta guda ne, dole ta zauna a kai. Mayafi ko ya fi faɗi ko ya gaza, za a yafa shi a haka. Hular da ta yi yawa kuwa za ta riƙa rufe ido, wadda ta matse ta sa ciwon kai. Shi ya sa rabin aikin nan awo ne da lissafi, tun kafin kibiya ta shiga hannu.

Kayan da za ki tanada

Zare mai matsakaicin kauri, giram 100, wanda yawanci yakan kai mita 180 zuwa 200. Wannan ya ishi hular babban mutum har da ɗan saura. Ki duba takardar da ke naɗe a jikin curin, a nan ake rubuta nauyinsa, tsawonsa, girman kibiyar da ta dace da shi, da yadda ake wanke shi. Ki nemi wanda aka ce kibiya mai milimita 4.5 zuwa 5.5 ce tasa. Siririn zare yana cin lokaci, mai kauri sosai kuma yana gajiyar da yatsu. Ki ɗauki launi mai haske, kuma zaren ya zama sumul, ba mai gashi-gashi ba. A baƙin zare ba a ganin idanun saƙa da kyau, mai koyo kuwa da gani take aiki kafin hannu ya saba.

Ulun gashin tumaki shi ne ya fi ɗumi, kuma yana da wata baiwa: idan aka ja shi yakan koma yadda yake, shi ya sa bakin hularsa ba ya saki da wuri. Ulun akirilik ya fi sauƙin wanki, ba ya kuma ƙaiƙayi ga masu laushin fata. Auduga zalla dai ban ba ki shawara ba, don ba ta da wannan komawar, bakin hular zai buɗe ya tsaya a buɗe. In hular za ta ci curi biyu, ki tabbata lambar rinin da ke jikin takardunsu ɗaya ce, domin launi ɗaya da aka rina a lokuta biyu yakan ɗan bambanta, ba kuma za ki lura ba sai kin fito da hular cikin hasken rana.

Sai kibiya mai zagaye, wato gajerun kibiyoyi biyu da aka haɗa da siririyar waya mai lanƙwasuwa. Ta hula tsawonta santimita 40 ne daga tsini zuwa tsini. Ki samu biyu, mai milimita 4.5 don bakin hula, da mai milimita 5 don jikinta. Za ki kuma buƙaci kibiyoyi masu tsini biyu, masu milimita 5, waɗanda ke zuwa huɗu ko biyar a haɗe, saboda tsakiyar kai. Ragowar kayan ƙanana ne: tef ɗin awo, almakashi, dakusasshiyar allura mai faɗin kafa, kwarashi guda don gyara, da zobban alama takwas. In babu zobban, ki yanki zare mai wani launi ki ƙulla ƙananan madaukai, aikinsu ɗaya.

Awon kai da saƙar gwaji

Ki zagaya tef a kan wanda zai sa hular, ta tsakiyar goshi, ta saman kunnuwa, ta inda ƙeya ta fi tudu. Kan babban mutum yawanci yakan faɗa tsakanin santimita 54 da 58. A ce namu 56 ne. Ba za ki saƙa hula mai 56 ba. Saƙa tana miƙewa, don haka sai ta gaza kan da kamar kashi goma cikin ɗari kafin ta kama shi. Ki cire 6, ya rage santimita 50. Wannan ne faɗin zagayen hularki.

Yanzu sai ki san idanu nawa ke shiga santimita 10 a hannunki. Ido shi ne kowane madaukin zare da ke zaune a kan kibiya. Takardar curin za ta ba ki adadi, amma na wani hannun ne. Mata biyu za su ɗauki zare ɗaya da kibiya ɗaya, ɗaya ta sami ido 17, ɗaya ta sami 20, don wata tana ɗame zare, wata tana sakinsa. Bambancin ido uku kamar ba komai ba ne, amma ki lissafa: ido 88 a hannun mai 17 zai ba da kusan santimita 52, a hannun mai 20 kuwa 44 kawai. Waccan hular uba ce, wannan ta ƙaramin yaro.

Saboda haka ki yi ɗan ƙyallen gwaji da kibiya mai milimita 5. Ki ɗora ido 26 ko 28, ki saƙa har ya kai tsawon santimita 12 ko fiye, layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya. (Yadda ake ɗorawa da saƙar yana nan tafe, kuma wannan ƙyallen shi ne filin koyonki.) Ki jiƙa shi, ki shimfiɗa ya bushe, sannan ki ɗora tef a tsakiyarsa, ba a gefe ba, ki ƙirga. Kada ki ja shi don ya ba ki adadin da ranki ke so. Har rabin ido ki ƙirga. Akwai wani abu da ya kamata ki sani: mutane da yawa saƙarsu ta baya ta fi ta gaba saki, jikin hula kuma saƙar gaba ce zalla, don haka hular kan fito da ɗan matsi fiye da ƙyallen. In kin tsaya tsakanin adadi biyu, ki ɗauki na sama.

A ce kin sami ido 18 a santimita 10, wato 1.8 a kowace santimita. Ki ninka da 50, kin sami 90. Amma 90 ba zai yi mana ba. Bakin hula yana son adadin da huɗu ke rabawa, tsakiyar kai kuma tana son wanda takwas ke rabawa. Mafi kusa shi ne 88. Da shi za mu yi aiki har ƙarshe, ke kuma ki sa naki adadin a gurbinsa.

Ɗora idanu

Ki ɗauki kibiya mai milimita 4.5. Ki warware zare kamar mita 2 da ɗan ɗoriya daga bakinsa, ki yi ƙullin zarge a wurin, ki zura kibiya a ciki. Wannan shi ne ido na farko. Yanzu zare biyu ne ke reto: wutsiya, da wanda ke zuwa daga curi. Ki riƙe kibiya a hannun dama. Ki zura babban yatsa da manuniya na hagu tsakanin zarurrukan biyu ki buɗe su, wutsiya a kan babban yatsa, na curi a kan manuniya, sauran yatsu uku su damƙe duka biyun a tafin hannu.

Ki kai tsinin kibiya ƙarƙashin zaren da ke wajen babban yatsa ki ɗago ta cikin madaukin. Ki wuce da ita ta saman zaren da ke kan manuniya ki kamo shi, ki dawo da shi ta cikin madaukin babban yatsa. Ki zare babban yatsan, ki mai da shi ƙarƙashin wutsiya ki ɗan ja. Ido na biyu ke nan. Haka za ki yi ta yi har 88.

Kada ki ɗame. Wannan layin shi ne zai ratsa goshi da ƙeya, in ya yi tsauri komai kyan sauran hular ba za ta shiga kai ba. Ki riƙa barin ɗan fili tsakanin ido da ido, kamar kaurin zaren kansa. Ki sa alama bayan kowane ashirin don kada ƙirga ta ruɗe, ki cire su in kin gama.

Haɗa zagaye

Nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, don haka ki nutsu. Ki shimfiɗa kibiyar a kan tebur, ki baje idanun su cika ta daga tsini zuwa tsini. Ki bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ki tabbata gindinsu, wato ɗan kirtanin da ɗorawa ta yi, duk yana kallon cikin da'irar. Idan ya murɗe ya haye kan waya ko sau ɗaya ne, hular za ta fito a murɗe, ba kuma za ki gane ba sai kin yi layi biyar ko shida, a lokacin kuwa sai dai warwarewa.

In kin tabbatar, ki ɗaga ta yadda tsinin da zaren curi ke fitowa yana hannun dama. Ki sa zoben alama a wannan tsinin, shi ne zai riƙa gaya miki inda zagaye ya fara. Ki saƙa ido na farko da ke tsinin hagu, ki ɗan ja zaren da ƙarfi don kada a bar giɓi. Zagaye ya haɗu.

Saƙar gaba da saƙar baya

A saƙar gaba zare yana bayan aiki. Ki soka tsinin dama cikin ido na farko da ke hagu, daga gefensa na hagu, ya fita ta baya, kibiyar dama na ƙarƙashin ta hagu. Ki zagayo da zare ta ƙarƙashin tsinin dama, ya ratso tsakanin kibiyoyin biyu. Ki jawo wannan sabon madaukin ta cikin tsohon ido zuwa gabanki, sannan ki zame tsohon daga kibiyar hagu. Abin da zai fito yana kama da harafin V.

A saƙar baya zare yana gabanki. Ki soka tsinin dama daga gefen dama na idon, ya fito ta gaban kibiyar hagu. Ki ɗora zare ta saman tsinin dama, ki sauke shi ta bayansa ya dawo gaba. Ki tura madaukin ta cikin tsohon ido zuwa baya, ki zame tsohon. Shi kuma ɗan ƙullutu yake bari a kwance. Ko da hannun dama kike riƙe zare ko da na hagu, saƙar ɗaya ce, ki bi wanda ya fi miki daɗi.

Bakin roba

Roba ita ce saƙar bakin hula mai miƙewa ta koma, ga kuma yadda ake yin ta: gaba biyu, baya biyu, gaba biyu, baya biyu, har ki dawo kan alama. Tunda huɗu na raba 88, zagayen zai ƙare da baya biyu. In ya ƙare da wani abu daban, kin yi kuskure a hanya, kuma gara ki nemo shi yanzu. Ki zame zoben zuwa dama ki ci gaba. Daga zagaye na biyu ba sai kin ƙirga ba, ki dubi abin da ke ƙarƙashin kibiya: in V ne ki yi gaba, in ƙullutu ne ki yi baya. Ranar da kika fara karanta saƙarki haka, kin wuce matakin haddace umarni.

Abin da ke kama masu koyo a nan shi ne mantawa da matsar da zare. Duk lokacin da za ki sauya daga gaba zuwa baya, sai kin ratso da zaren tsakanin tsinin biyu ya zo gaba, haka kuma in za ki koma. In kika bar shi ya haye ta saman kibiya, zai zama ƙarin ido, ya bar rami, kuma ƙirgarki ta zama 89.

Ki yi roba har santimita 5. In kina son baki mai naɗewa wanda zai ninka ɗumi a kunne, ki kai shi 11 ko 12, amma ki sani zai ci zare, curi ɗaya zai iya ƙarewa dab da tsakiya.

Jikin hula

Ki ɗauko kibiya mai milimita 5 a hannun dama, ki saƙe idanun daga ƙaramar zuwa babbar, duka saƙar gaba. Daga nan gaba ce zalla, zagaye bayan zagaye. Tunda kullum fuskar waje ce ke kallonki, ba ki buƙatar saƙar baya ko kaɗan. Nan ne wurin hutawa, ana yi ana hira. Ki ci gaba har tsawon ya kai santimita 15 daga bakin hula, ko daga inda za a naɗe in mai naɗewa ce. Hanya mafi tabbas ita ce ki zura rabin idanun a ɗaya kibiyar ki gwada a kai: in ta rufe kunne ta kuma kai inda kai ya fara lanƙwasowa, lokacin ragewa ya yi.

Idan ido ya suɓuce ya fara gangarawa ƙasa, ya bar zarurruka a kwance kamar matakalar tsani, kada ki firgita, kada kuma ki ja aikin. Ki zura kwarashi cikin idon daga gaba, ki kamo zaren kwance na can ƙasa ki jawo ta ciki, sannan na samansa, haka har sama, ki mai da idon kan kibiyar hagu. Mai son ratsin launi kuma a nan za ta sa shi: a farkon zagaye ta fara da sabon zare, ta bar wutsiya mai santimita 15 a ciki don ɓoyewa daga baya.

Rage tsakiyar kai

Ki raba 88 gida takwas, kowane gida ido 11. Ki yi zagaye ɗaya kina sa alama bayan kowane 11, ta farkon zagaye ta zama mai launi daban. Ragewar kanta abu ne mai sauƙi: ki soka tsini cikin ido biyu lokaci guda, ki saƙe su a matsayin ɗaya.

Zagayen ragi na farko: gaba tara, haɗa biyu, a kowane gida. Saura 80. Zagaye na gaba ki saƙa shi haka nan ba ragi. Sannan gaba takwas, haɗa biyu, saura 72, sai wani zagayen ba ragi. Da alamun nan ba sai kin riƙe lamba a ka ba, ki dai saƙa har ido biyu su rage kafin alama, ki haɗe su. Ki bi wannan tsari na ragi ɗaya, hutu ɗaya, ta 64, 56, 48, har 40. Daga 40 ki daina hutu, ki rage a kowane zagaye: 32, 24, 16, 8. Dalilin sauya takun shi ne siffar kai. Gefensa a hankali yake lanƙwasowa, samansa kuwa kusan shimfiɗe yake. In kika ci gaba da hutu har ƙarshe hular za ta yi tsini, in kuma kika rage a kowane zagaye tun farko za ta tattare ta yi ƙundu. Duka ragin, har da zagayen sa alama, zagaye 16 ne, kusan santimita 6 zuwa 7, wanda zai kai tsawon hular 21 ko 22.

Wajen ido 64 ko 56 za ki ji idanun sun fara ɗamewa, ba sa iya zagaye wayar. Lokacin kibiyoyi masu tsini biyu ya yi. Ki raba idanun a kan huɗu, kowace gida biyu, ki riƙa saƙa da ta biyar. In huɗu gare ki, ki raba a kan uku, gida uku, uku da biyu. Da farko za ki ji tsini ya yi miki yawa a hannu, amma biyu kawai kike aiki da su a kowane lokaci, sauran ki bar su su yi ta reto. Idan kin tsallaka daga wata kibiya zuwa wata, ki ɗame ido na farko da na biyu, in ba haka ba za a ga layin sako-sako ya miƙe a mahaɗar. Wadda take da kibiya mai zagaye doguwa, mai santimita 80 ko 100, za ta iya raba idanun biyu ta zaro wayar ta gefe da gefe, ta ƙarasa da ita ba tare da masu tsini biyu ba.

Da ido takwas suka rage, ki yanke zare ki bar santimita 20. Ki zura shi a allura, ki bi ta cikin idanun takwas bi da bi kina cire su daga kibiya, ki ja su tsuke. Ki sake zagayawa ta cikinsu sau ɗaya don kada ramin ya buɗe, ki soka allurar ta tsakiya zuwa ciki. Ki juya hular, ki bi da wutsiyar ta cikin ƙullutan baya kamar santimita 4, ki juyo ki sake bi ta wata hanyar, sannan ki yanke. Ƙulli ba ya riƙewa kamar wannan, kuma yana damun fatar kai. Wutsiyar baki ma haka, sai dai da ita za ki fara ɗinke ɗan tsagin da ke wurin haɗa zagaye, sannan ki bi da ita sama ta jikin layin roba ɗaya don kada ta hana miƙewa.

Tuntu, wanki da sauran girma

Mai son tuntu ta yanki kwali mai faɗin santimita 7 ko 8, ta naɗa zare a kai har ya yi kauri sosai, ta zare kwalin, ta ɗaure tsakiya tam, ta yanke madaukan gefe biyu, ta daidaita shi da almakashi. Da zaren ɗaurin za ki ɗaure shi ta cikin hula, ɗaurin da za a iya kwancewa ranar wanki. Hular jariri dai a bar ta ba tuntu ba igiya, kuma a cire masa ita in zai yi barci a cikin ɗaki, don jarirai ta kai suke fitar da zafin jiki.

Wankin farko ke daidaita idanun da suka fito manya da ƙanana. Ki jiƙa hular a ruwa mai ɗan ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi na minti 15, ki ɗauraye da ruwa mai irin wannan ɗumin, ki naɗe ta a tawul ki danna, ki shimfiɗa a inuwa. Kada ki murɗe ta, kada ki rataye ta, kada ki buɗe bakin robar yayin shanya. Ulun tumaki in ya haɗu da ruwan zafi, sabulu da cuɗa, gashinsa kan sarƙe ya dunƙule, hular ta tsuke ta yi tauri, ba kuma ta dawowa. Masu saƙar hulunan Monmouth na Birtaniya, waɗanda sojoji da matuƙan jirgin ruwa suka riƙa sawa a ƙarni na 16 da na 17, da gangan suke yin haka: su saƙa hular da girma, su cuɗe ta a ruwa har ta tsuke ta yi kaurin da iska da yayyafi ba sa ratsawa da sauƙi. Taki kuwa daidai kai kika saƙa ta, ba ta da rarar da za ta bayar.

In hannunki na ba da ido 18 a santimita 10, ga yadda lissafin ke fitowa ga sauran kawuna. Sabon jariri, mai zagayen kai 33 zuwa 36, ido 56, ki fara ragi a santimita 9. Yaro mai kai 50 zuwa 52, ido 80, ragi a 13. Babban kai mai 60, ko wadda za ta sa hular a kan kitso mai yawa, ido 96, ragi a 16 ko 17. A kowanne gida takwas ne, abin da ke canzawa kawai shi ne yawan idanun da ke cikin gida: 7, 10 ko 12. A ta jaririn ki daina zagayen hutu daga ido 32, domin in kin daina a 40 saman zai tsuke da wuri.